Ɗan Rael Ba Ya Ƙarasa Tsere

Rael ba mace ba ce da ƙaramin abu ke sa ta sunkuyar da kai. Ta binne miji, ta riƙe gona ita kaɗai, ta aurar da 'ya'ya mata uku, shanunta biyar kuwa ba su taɓa kwana da yunwa ba. Duk ƙauyen nan na bayan garin Kapsabet a ƙasar Kenya ba mai kiran sunanta gatsau sai ƙawarta Priska. Kowa Obot Kimeli yake ce mata, wato uwar Kimeli. Amma ran Lahadin nan, a shagon shayin Arap Sugut, sai da ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Daga coci aka dunguma shagon, don a nan ne ake da babbar talabijin, kuma an ce za a nuno gudun fanfalaki daga Jamus, da Kimeli a ciki. Aka ba Rael kujerar gaba, aka miƙo mata shayi mai kauri. Ana harba bindiga sai ga ɗanta ya fito gaba, dogo, siriri, da gudun nan nasa kamar ba ya son ɓata wa ƙasa rai. Mutum bakwai suka jeru a bayansa. Aka haye gada yana gaba, aka zagaya wani tsohon gini yana gaba. Awa guda cur ba wanda ya yi ko yunƙurin shan gabansa. Shayin Rael ya huce a hannunta ba ta sani ba.

Awa ɗaya da rabi daidai, Kimeli ya waiwaya, ya ɗan ɗaga wa na bayansa hannu, ya ratse gefen titi ya tsaya abinsa. Hoton ya bi sauran, ya bar shi can.

"To, ya sauka," in ji Priska, da muryar da na bakin ƙofa ma sai da suka ji. "Ke Rael, ɗan nan naki mantuwa yake yi a gida ne? Karo na uku ke nan fa."

Shago ya kwashe da dariya. Arap Sugut ya so ya gyara, ya ce, "Haba, Obot Kimeli, ai aikinsa ke nan. Zomo ne."

"Zomo?" Rael ta ajiye kofin. "Ni dai mutum na haifa."

Ta ɗauki jakarta da littafin waƙoƙinta ta fice, ba ta ma jira ta ga wanda ya ci ba.

Ba wai ba a taɓa yi mata bayani ba. Kimeli da kansa ya zaunar da ita ya fi sau biyar. "Mama, ɗaukata ake yi in ja su. In riƙe musu gudu daidai, in tare musu iska, in kai su kilomita talatin, daga nan su ƙarasa goma sha biyun da suka rage. Mai wannan aikin shi ake ce wa zomo. Da shi na sa miki rufin kwano, da shi na sayi filin gangare." Takan saurare shi har ƙarshe, ta gyaɗa kai, a ranta kuwa ta ce maganar mai ɓoye kunya ce. Ita a saninta tsere tsere ne: a tashi tare, wani ya riga kowa. Batun rufin kwano kuma ta daɗe da warware shi. Turawa mutane ne masu tausayi, in suka ga baƙo ya sha wahala ya kasa, ba za su bar shi ya koma gida hannu biyu ba.

Da ta isa gida ran nan, ta zauna a bakin garke tana kallon shanunta, ta shiga lissafin da ta iya. Shekara arba'in tana kiwo. San noman da ya fara aiki da ƙarfi ya tsaya a tsakiyar kunya, ba a zaginsa, ba a dukansa. Ko tsutsa ce a cikinsa, ko abinci ne bai kai masa ba. Yaro kuwa yana can sansanin 'yan gudu daga Litinin zuwa Asabar, maza ke dafa masa abinci. Me ake jira?

Kimeli na dawowa daga Jamus ta fara aiki. Asabar da yamma sai ga ta a gidansa da gora biyu na mursik, nonon nan mai tsami da ake turara gorarsa da gawayi, da ƙullin garin dawa don tuwo, don ta ce na masara ba ya zama a ƙashi. Matarsa Jerotich ta karɓa da hannu biyu tana danne dariya. Ran Lahadi Rael ta ja shi gaban fasto bayan an tashi, ta ce a sa masa hannu. Fasto ya rufe ido ya yi ta roƙon Ubangiji ya ba bawansa ƙarfin ƙarasa abin da ya fara. Kimeli ya ce amin da ƙarfi, don mutum ne da ba ya iya musu da uwarsa.

Sati na uku ta kawo babban maganin: saiwar da takan jiƙa wa maruƙa in cikinsu ya kumbura, amma ta rage ƙarfinta saboda na mutum ne. Jerotich ta leƙa kofin ta ce, "Mama, wannan baƙin ruwan fa?"

"Ke dai kawo masa zuma ya lasa a bayansa."

Kimeli ya toshe hanci ya shanye. Gudu kam ya yi shi ran Litinin, amma tsakanin ɗaki ne da bayan gida. Da hantsi wayarsa ta yi ƙara, Rael na zaune a gefen gado tana yi masa fifita. Tun daga inda take tana jin muryar Koci Talam, mai horar da su, yana faɗa: "Wane mara imanin ne ya ba ɗan gudun nawa maganin wankin ciki ana tsakiyar horo?"

Rael ta fizge wayar. "Ni ce, uwarsa. Shekara nawa yana hannunka yana tsayawa a hanya, ba ka nema masa magani ba?"

Da Talam ya sake magana, muryar ta sauko. Ya gaishe ta yadda ake gaida manya, ya tambayi shanu, sannan ya ce, "Obot Kimeli, ki yi mini alfarma ɗaya. Ran Alhamis ta sama muna da dogon gudu. Ki zo ki shiga motata ki gani da idonki. In kin gani kin ce magani yake so, ni zan riƙe masa kofin."

Priska na jin labari ta ce ba za a bar ta a baya ba. "Ni ma sai na ga makarantar da ake koya wa mutum tsayawa."

Rana na ɗagowa ran Alhamis ɗan acaba ya sauke su a ƙofar sansanin. 'Yan gudu kusan ashirin da biyar suna tsalle-tsalle a bakin jan titin ƙasa da ya ratsa gonakin shayi. Talam gajeren dattijo ne mai furfura da ɗingishi. Ya buɗe musu gaban a-kori-kurarsa, su biyu suka matsu a kujera ɗaya, bayan motar cike da gorunan ruwa da ayaba. Ya miƙa wa Rael wani agogo mai igiya.

"Kin ga fararen duwatsun can na bakin hanya? Kowane ɗaya kilomita ce. Duk sanda ɗanki ya wuce dutse, ki danna nan ki karanta mana. Yau na ce masa minti uku da daƙiƙa ashirin. Kuma ki dubi hannunsa."

Rael ta gyara tabarau ta duba. Duk sauran suna da agogo a hannu. Na Kimeli fayau.

Aka tashi. Kimeli ya shiga gaba, sauran suka dunƙule a bayansa, mota na biye a hankali. Dutse na farko Rael ta danna.

"Uku da ashirin."

"Sa'a ce," in ji Priska.

Na biyu, uku da ashirin. Na uku, uku da ashirin. Hanya ta hau tudu har injin motar yana nishi, Rael ta danna: uku da ashirin da ɗaya. Aka gangaro, iska ta taso daga kwari tana kaɗa rigunansu: uku da sha tara. Daga nan lambar ta koma inda take ta zauna, kamar an kafe ta da ƙusa. Wajen dutse na goma sha biyu Priska ta ce a ba ta agogon, wataƙila ya lalace. Ta danna da kanta sau biyu, ta mayar wa Rael.

"Kun ga gajeren can da ya manne a bayansa?" in ji Talam. "Kirwa ke nan, shi ya ci tseren Jamus. Ku dubi idonsa. Ba hanya yake kallo ba, ba agogo yake kallo ba, bayan ɗanki yake kallo. In aka gayyace shi waje, abin da yake fara tambaya shi ne ko da Kimeli za a. Masu gudu kamar iska ina da su sun fi goma, Obot Kimeli, kowace shekara ma sababbi zuwa suke yi. Amma mai agogo a tafin ƙafa, tunda na fara aikin nan ɗaya na gani."

Idon Rael na kan ɗanta. Sai yanzu ta lura da wasu abubuwa da talabijin ba ta nunawa: yadda yake nuna rami da yatsa kafin a iso shi, yadda yake ɗan karkata in iska ta juya don na baya su samu mafaka, yadda wani da ya fara sassarfa ya ji Kimeli ya ce masa wani abu sai ya koma cikin layi. Ta tuna baƙin ruwan da ta ba shi, ta ji kunya ta kama ta har kunnuwa.

A dutse na talatin Kimeli ya ɗaga hannu, ya ratse, sauran suka wuce don su yau arba'in za su yi. Talam ya rage gudu, Kimeli ya kama ƙarfen motar ya yi tsalle ya faɗa baya. Ya ɓare ayaba, ya leƙo ta taga.

"Mama, kin ga aikin zomo? Inna Priska, an ce kin zo ɗaukar darasi. Gobe in kawo miki takalma?"

"Ja'iri," in ji Priska. "Ci ayabarka."

Ya ci, ya ɓare ta biyu, ya shiga ba su labarin wani Bajamushe da ya taɓa tambayarsa ko da gudu yake zuwa coci. Talam na dariya, Priska na dariya. Rael kuwa ta juya gaba ɗaya a kujera tana ƙare masa kallo.

Ita ta san gajiyar Kimeli. Tun yana ƙarami in ya dawo daga kiwo a gajiye, kafaɗarsa ta hagu kan sauka, leɓɓansa su yi fari kamar ya ci toka, bakinsa ya mutu, ko sunansa ka kira sai dai ya dube ka. Wannan da ke bayan mota kafaɗunsa a daidaice suke, bakinsa kuwa ya ƙi rufuwa.

"Koci," ta ce, "na ga aikin, kuma na janye maganata. Amma yaron nan bai gaji ba."

"Ai ba a so ya gaji."

"To me zai hana wata rana ya ƙarasa, ko don ya ga abin da ke gaba?"

Talam ya girgiza kai. "An gwada. Ba na son tuna ranar. Tserensa na farko a waje, a ƙasar Holan, ni na raka shi. Ya yi talatin lafiya lau, a talatin da huɗu ya zube kamar an sare shi. A motar asibiti aka ɗauke shi. Tun ranar na gane injinsa na talatin ne. Kowa da yadda Allah ya yi shi. Gara in sa shi inda zai yi fice da in kashe miki ɗa."

"Yaushe ne wannan?"

"Shekara tara ke nan. Watan Afrilu."

Rael ta shiga ƙirga da yatsu. "Shekarar da ƙanƙara ta kashe masara?"

"Ita."

"Tsayar da motar nan."

Talam ya taka burki. Rael ta fito, ta zagaya baya, ta tsaya gaban ɗanta riƙe da ƙugu. Kimeli ya daina tauna.

"Kai za ka faɗa masa ko ni?"

Kimeli ya sunkuyar da kai yana kallon ɓawon ayaba. Sai Rael ta juya wajen Talam, wanda ya fito yana ɗingishi. "Saura sati uku tafiyar nan, yaron nan ya zo mini gida da zazzaɓin taifot. Kwana goma yana kwance a ɗakina, ko kunu ba ya zama a cikinsa. Ni na riƙa ɗaga shi. Ya sa na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba. Ban san me ya ce muku ba."

"Jana'iza," in ji Talam a hankali. "Ya ce kawunsa ya rasu a Kitale."

"Ba shi da kawu a Kitale," in ji Priska ta taga.

Talam ya dubi Kimeli ya daɗe. "Taifot? Ka tashi daga taifot ka yi kilomita talatin da huɗu tare da manya?"

"Tsoro na ji, Koci. Na ga in na faɗa za a ba wani kujerar jirgin."

"To bayan nan fa? Shekara tara, ɗan nan! Kullum muna tare!"

Kimeli ya sosa ƙeya. "Da farko kunyar ƙaryar ce ta hana ni. Daga baya kuma, kai ka ce talatin ce iyakata, likitan can ma ya ce wataƙila haka ne, 'yan sansani suka ɗauka. Ina ji ina ji, har ni ma na yarda. Wallahi zazzaɓin ma na manta da shi."

Talam ya cire hularsa ya buga ta a jikin mota. Rael ta ɗauka faɗa zai yi, sai ta ga dariya ce ta ci ƙarfinsa, har yana dafa taya. "Ni da nake taƙama ina karanta ɗan gudu kamar jarida! Ku shiga mu tafi, mutanena na can ba ruwa."

Kafin su koma sansani an gama magana. Akwai babban tseren da ake yi a birnin Eldoret nan da wata huɗu. Kimeli zai shiga, ba a matsayin zomon kowa ba.

Nan fa Rael ta koma gida da sabon lissafi, kuma shi ma ba ta bar masa ƙofar shakka ba. Mutumin da ke gaban zakaran Jamus na tsawon awa ɗaya da rabi, in aka sake shi, wa zai kama shi? Ta faɗa wa matan ƙungiyar waƙa ta coci su shirya. Priska, wadda da ita ce kan gaba wajen tsiya, yanzu ta fi kowa zaƙewa. Har ta fara tambaya ko in an ba shi mota za ta iya hawa tudun ƙauyen. Jerotich ce kaɗai ta ce, "Mama, a rage buri fa. Shi kansa bai san abin da ke bayan talatin ba." Rael ta ce yaran zamani ba su da bangaskiya.

Ranar tseren mata goma sha huɗu suka cika ƙaramar bas, da fararen kallabi, da gorunan mursik, da ganyen sinendet da aka murɗa don rataya wa gwarzo. Talam ya ce su je wurin ƙarasawa su kama wuri. Matan suka tafi da Jerotich. Rael ta ce ita tana da wani aiki tukuna. Ta ja Priska suka hau acaba har inda aka kafa allon kilomita talatin, ta tsaya a bakin kwalta da lemarta a naɗe.

Can sai ga su. Kimeli ne a gaba, kuma abin dariya, mutum sun fi goma sha biyar sun jeru a bayansa kamar 'yan makaranta, don duk Eldoret ba ɗan gudun da bai san bayan da ya kamata a bi ba. Yana isowa allon, Rael ta ga hannunsa ya ɗaga da kansa, ƙafafunsa sun fara karkatowa gefen titi. Shekara tara ba wasa ba.

Ta ɗaga lema sama. "Ina za ka? Wuce! Wuce, na ce!"

Kimeli ya zabura kamar wanda aka tasa daga barci, ya ga uwarsa, ya koma tsakiyar titi. 'Yan kallo suka fashe da dariya. Wani ɗan sanda ya ce, "Kaka, a yi haƙuri a koma baya."

Suka sake hawa acaba, su biyu a bayan mutum ɗaya, Priska na salati irin nasu duk ramin da aka faɗa. Suka iso wurin ƙarasawa da kyar, suka kutsa har gaban igiya inda matan suke.

Na farko ya shigo, ba Kimeli ba ne. Wani matashi ne da Rael ta gani ɗazu a layin bayansa. Na biyu ma ba shi ba ne. Rael na ƙirgawa, zuciyarta na sauka da kowace lamba. Matan da suka fara waƙa suka yi ƙasa da murya. Biyar. Shida. Priska ta daina kallon ta. Bakwai.

Sannan ta hango shi daga nesa. Kafaɗar hagu ta sauka har kamar za ta taɓa ƙugu, leɓɓa fari fat, kyakkyawan gudun nan ya tafi, sai jan ƙafa da cije haƙori. Wani na tahowa a bayansa yana ƙoƙarin cim masa. Rael ba ta san lokacin da ta jefar da lemar ba. Ta manta da mota, ta manta da na ɗaya, ta manta ita dattijuwar coci ce. Ihu take tana kiran sunansa na yarinta da ba wanda ya ji shi shekara talatin, tana dukan igiya da hannu biyu. Matan suka ɗauka. Kimeli ya tsallake layin da taku biyu tsakaninsa da na bayan, ya yi 'yan taku, ya zauna daɓas a kan kwalta.

Ta ratsa ƙarƙashin igiya ta isa gare shi. Ya ɗago ya dube ta, bakinsa ya mutu, amma dariya yake yi ba sauti. Ta durƙusa ta riƙe kansa.

Abin da ya biyo baya sai da ya ruɗa mai sanarwa. Can gefe wanda ya ci tsere yana tsaye da iyayensa su biyu, nan kuwa mata goma sha huɗu sun kewaye na takwas, sun rataya masa ganye har ba a ganin wuyansa, suna waƙa suna ɗura masa nono. Masu ɗaukar hoto suka bar dandamali suka taho. Daga baya shi kansa wanda ya ci ya zo, ya durƙusa ya kama hannun Kimeli ya ce bai taɓa yin gudu mai sauƙi kamar talatin ɗin farkon nan ba. Uwar wanda ya ci ɗin, wata siririyar mata daga yankin Marakwet, ta rungume Rael tana godiya. Rael ta miƙa mata gorar mursik.

A bas Priska ta riga ta gyara labarin yadda za a kai shi ƙauye. "Kar wadda ta ce na takwas kawai. Na takwas cikin dubu uku za ku ce. Ku faɗi dubu ukun da ƙarfi."

Kwana uku Kimeli da baya-baya yake sauka daga dokin ƙofarsa, don cinyoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa. Ran na huɗu da yamma Rael ta zo ta same shi zaune kan 'yar kujera a tsakar gida, ya miƙe ƙafafu, Jerotich na tsince wake a gefe. Ta zauna, aka kawo shayi.

"Koci ya zo jiya," in ji Kimeli. "Ya ce in na ba shi shekara guda ina horon ƙarasawa, zan iya shiga ukun farko a wasu tseren. Ba manyan ba, amma dai."

"To me ka ce?"

"Na ce zan riƙa ƙarasa ɗaya a shekara, nan gida, don in san ina iyawa. Sauran kuwa aikina zan koma." Ya juya kofin a hannunsa. "Mama, na ga abin da ke bayan talatin. Ba kowa a can. Kowa ta kansa yake, wanda ke gefenka addu'a yake ka faɗi. Ni kuwa a gaba, ina jin numfashin mutum bakwai a bayana, na san wanda ke wahala, na san lokacin da zan sassauta rabin taku ba tare da agogo ya sani ba. In na kai su na ratse, sai in ji kamar na kai shanu rafi. Shi nake so. Da ina yi ne don na ɗauka shi kaɗai zan iya. Yanzu na san so nake."

Rael ta kurɓi shayi. Wata huɗu da suka wuce da ta ce maganar mai ɓoye kunya ce. Ta dube shi da kyau, ta nemi kunyar a fuskarsa, ba ta samu ba.

"Kirwa zai tafi Japan a watan Maris," in ji Jerotich. "Ya kira sau biyu yana tambaya ko ƙafafun sun warke."

"To ka ce masa sun kusa," in ji Rael. Ta shanye shayin ta miƙe, don lokacin tatsa ya yi. "Gobe zan aiko da man shanu a murza maka cinyoyin nan."

Kimeli ya yunƙura zai raka ta, ƙafafun suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, kujerar ta goce, ya koma ya zauna yana nishi. Jerotich ta kifa kai cikin tiren wake tana dariya.

Rael ta rataya jakarta, ta dawo ta tsaya a kansa.

"Miƙo hannun," ta ce.